Wanne Ya Fi Yawa? Daga Tsakuwar Makiyayi Zuwa Safar Attajiri

Wannan makon tarihi za mu taɓa, tarihin wata 'yar dabara da kowane yaro ya iya tun kafin a kai shi makaranta, wadda kuma ta hana manyan masana barci fiye da shekara dubu.

Ga dabarar. An cika a zauren taro, ana so a san ko kujeru za su isa. Ba sai an ƙirga mutane an koma an ƙirga kujeru ba. A ce kowa ya zauna kawai. In an ga wani a tsaye, mutane sun fi yawa. In an ga kujera ba kowa, kujeru sun fi. In babu na tsaye kuma babu kujerar da ta rage, an yi kunnen doki. An sami amsa, alhali babu wanda ya san ko mutum 80 ne a zauren ko 300. Haka yara ke raba gyaɗa, ɗaya naka ɗaya nawa, har ta ƙare. Zan riƙa kiran wannan haɗin ɗaya-da-ɗaya: kowane abu na nan a ba shi aboki guda a can, a ga wa zai rasa.

Dabarar ta girmi lambobi. A ƙarshen shekarun 1920 masu tonon kayan tarihi a Nuzi, wani tsohon gari kusa da Kirkuk ta ƙasar Iraƙi, suka tono wani dunƙulen yumɓu mai siffar ƙwai, cikinsa rami. Ya kai shekara 3,500. A bayansa an rubuta jerin tumaki da awaki: masu haihuwa kaza, raguna kaza, 'ya'yan awaki kaza. A cikinsa kuwa tsakuwoyi ne kusan 50, daidai da adadin dabbobin da aka lissafa a baya. Wanda ya iya karatu ya duba rubutu, wanda bai iya ba ya fasa ya zube tsakuwa, kowace dabba ta wuce a janye ɗaya. In tsakuwa ta rage, wata tunkiya ba ta dawo ba, sai makiyayi ya yi bayani.

Hirodotus, marubucin tarihin nan na Girka, ya ba da labarin Sarki Dariyus na Farisa lokacin da zai ƙetare kogin Danube ya shiga yaƙi. Ya bar wa masu gadin gadarsa igiyar fata mai ƙulli 60, ya ce su kwance ɗaya kowace rana, in ƙullin ya ƙare bai dawo ba su kama gabansu. Harsuna ma sun riƙe shaidar wannan zamani. Kalmar Larabci ta ƙididdiga, ihsa'i, daga hasa ta fito, wato tsakuwa. Ita ma kalkuletar da ke cikin wayarka, asalin sunanta kalmar Latin ce mai nufin ƙaramin dutse. Mai jan carbi har yau wannan aiki yake yi: baki ya faɗa, yatsa ya ture ƙwaya, hankali ba ya bukatar riƙe lamba.

To ina rikicin? Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Uƙlidis ya rubuta littafinsa na lissafi a Iskandariya, wanda aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid. A farkon littafin ya jera wasu 'yan ƙa'idoji da yake ganin ba su bukatar hujja. Ɗaya daga ciki ita ce dukkan abu ya fi sashensa. Wa zai yi musu? Buhu ya fi kwano, gari ya fi unguwa. Wannan ƙa'ida da dabarar haɗin ɗaya-da-ɗaya sun zauna lafiya a gida ɗaya, domin muddin abin da ake magana a kai yana da iyaka, ba sa taɓa saɓawa. Cire tunkiya ɗaya daga garke, dole tsakuwa ɗaya ta rasa abokiya. Sai ranar da aka tambaye su a kan abin da ba shi da iyaka, nan kowace ta ba da amsa dabam.

Wasu daga cikin waɗanda suka fara jin zafin wannan saɓani a kan sama suke gardama. A ƙarni na 6 wani malamin Iskandariya da Larabawa ke kira Yahya an-Nahwi ya kafa hujja da zagayen taurari a kan masu cewa duniya ba ta da farko. Imam Gazali ya ɗauko hujjar ya wasa ta a Tahafutul Falasifa, wanda ya kammala a Bagadaza a 1095, yana mayar da martani ga masu bin ra'ayin Farabi da Ibn Sina. Bisa ilmin taurari na lokacin, rana tana kammala zagayenta a shekara 1, Mushtari a shekara 12, Zuhal a shekara 30. Ke nan duk zagaye ɗaya na Zuhal, rana ta yi 30. In duniya ba ta da farko, zagayen Zuhal ba shi da iyaka, na rana ma ba shi da iyaka. Yaya mara iyaka zai ninka wani mara iyaka sau 30? In kuma an ce daidai suke, ina aka kai ƙa'idar Uƙlidis?

Bai tsaya nan ba. Ya ƙara da tambayar da ta fi burge ni: adadin zagayen nan, cika ne ko mara? Shafa'i ko wutiri? Ku lura, wannan ma tambayar haɗi ce, don lambar cika ita ce wadda za a jera biyu-biyu babu saura, mara kuwa ɗaya zai rage shi kaɗai. In aka ce cika ne, ƙarin ɗaya zai mai da shi mara. In aka ce mara ne, ɗaya kacal ya rage masa ya cika. To yaya za a ce abin da ba shi da iyaka ɗaya ya gagare shi? Bayan kusan shekara 85 Ibn Rushd ya ba da amsa daga Andalus, cewa rabi da ninki da cika da mara duk siffofin abin da ke da farko da ƙarshe ne, ba a ɗora su kan wanda ba shi da su. Gardamar tasu ta aƙida ce, ba ita ce gabanmu ba. Abin da ya shafe mu shi ne dukansu biyu sun ga ramin, kuma babu wanda ya yarda ya leƙa cikinsa.

Mu tsallaka zuwa Italiya. A 1633 kotun cocin Katolika ta hukunta Galileo saboda cewa duniya ce ke zagaya rana, aka yi masa ɗaurin talala a gidansa na Arcetri, kusa da Florence. Tsoho ne ya doshi 70, idanunsa suna mutuwa. A nan ya rubuta littafinsa na ƙarshe a kan sabbin ilmomi biyu, ƙarfin kayan gini da motsi. Da yake an hana buga aikinsa a gida, sai aka fitar da rubutun aka buga a Leiden ta ƙasar Holan a 1638. Kafin littafin ya iso hannunsa ya makance.

Littafin hira ce tsakanin mutum uku, Salviati da Sagredo da Simplicio, kuma a nan akwai abin da marubuci zai tsaya ya kalla. Galileo bai tsaya kan mumbari ya zuba hujja ba. Ya sa mai shakka ne, wato Simplicio, ya kawo damuwarsa, sa'an nan Salviati ya riƙa yi masa ƙananan tambayoyi yana amsa i da bakinsa, har ya wayi gari ya amince da abu biyu da ba za su haɗu ba. Mai karatu yana tafe tare da shi, tarkon da ya kama Simplicio shi ma ya kama shi.

Ga yadda tarkon yake. Akwai lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta: 1, 4, 9, 16, 25, haka. Mu kira su murabba'ai. Kowa ya yarda lambobi gaba ɗaya sun fi murabba'ai yawa, tunda 2 da 3 da 5 da 6 duk ba sa ciki. Kuma kullum ƙara ƙaranci suke. Daga 1 zuwa 100 guda 10 ne, wato ɗaya cikin goma. Zuwa 10,000 guda 100 ne, ɗaya cikin ɗari. Zuwa miliyan guda 1,000 ne, ɗaya cikin dubu. Shi ke nan, murabba'ai 'yan tsiraru ne.

Yanzu a ce kowa ya zauna. 1 ta ɗauki 1, 2 ta ɗauki 4, 3 ta ɗauki 9, 4 ta ɗauki 16, 1,000 ta ɗauki miliyan. Wace lamba ce ta rasa murabba'inta? Babu. Wane murabba'i ne ya rasa lambar da ta haife shi? Babu. Babu na tsaye, babu kujerar da ta rage. Bisa dabarar makiyayin Nuzi, daidai suke.

Hukuncin da Galileo ya sa a bakin Salviati kusan shi ne na Ibn Rushd: kalmomin ya fi, bai kai ba, daidai, ba sa aiki a kan mara iyaka. Na ga wasu suna cewa tsoro ya ji. Ni ban ga tsoro ba. Mutum ne da ya ga shaidu biyu amintattu sun saɓa, ya ƙi yanke hukunci. Leibniz, wanda ya zo bayansa, ya duba irin wannan misali ya ce ai shi ke nuna babu wata lamba mara iyaka sam. Bolzano, wani limamin coci a Prague da aka raba da kujerarsa ta jami'a saboda wa'azinsa bai yi wa gwamnati daɗi ba, ya matso kusa ƙwarai. A littafinsa da ya fito a 1851, shekara uku bayan mutuwarsa, ya nuna cewa ɗigogin da ke tsakanin 0 da 5 a kan layi suna haɗuwa ɗaya-da-ɗaya da waɗanda ke tsakanin 0 da 12. Duk da haka ya ce wannan bai isa a kira su daidai ba. Shekara fiye da 200 bayan Galileo, ƙa'idar Uƙlidis tana nan riƙe da wuyan kowa.

Wanda ya sake ta shi ne Georg Cantor. An haife shi a St. Petersburg ta Rasha a 1845, iyayensa suka koma Jamus yana ɗan shekara 11, ya yi digirinsa na uku a Berlin, ya sami aikin koyarwa a jami'ar Halle a 1869. Matakin da ya ɗauka a baki mai sauƙi ne. Ya ce tunda shaidun biyu sun saɓa, a zaɓi ɗaya. A yarda da haɗin ɗaya-da-ɗaya shi kaɗai a matsayin ma'aunin yawa, a bar ƙa'idar Uƙlidis ta ci gaba da mulki a kan abin da ke da iyaka. A bi wannan duk inda ya kai.

Da farko abin ya yi kamar zai zama banza. Murabba'ai daidai suke da lambobi. Lambobin cika daidai suke da lambobi gaba ɗaya, kowace ta ɗauki ninkinta. Zagayen Zuhal da na rana, in da a ce ba su da iyaka, su ma daidai ne, na farko da na farko, na biyu da na biyu. (Lissafin bai ce uffan ba kan ko duniya tana da farko, wannan wata tambaya ce dabam.) Hatta rabi da sulusi da rubu'i da duk danginsu, waɗanda ake ganin sun cika kowane lungu tsakanin lamba da lamba, suna shiga sahu. A fara da waɗanda samansu da ƙasansu in an haɗa suka ba da 2, wato 1/1. Sai masu ba da 3, wato 1/2 da 2/1. Sai masu ba da 4, haka har abada, ana tsallake maimaici. Kowanne zai sami lambar kujerarsa. In haka ne, mara iyaka duk ɗaya ne, magana ta ƙare.

A ranar 29 ga Nuwamba 1873 Cantor ya rubuta wa abokinsa Richard Dedekind, wanda suka haɗu da shi a Suwizalan shekara guda kafin nan, yana tambaya: su kuma ɗigogin da ke kan layi fa, za su shiga sahu? Dedekind ya ce bai san amsa ba. Ranar 7 ga Disamba Cantor ya sake rubutowa da hujja a hannu. Ba za su shiga ba. Ko yaya aka jera, sai an bar wasu a tsaye. Akwai mara iyakan da ya fi wani mara iyaka.

Hujjar farko tana da wuya, amma a 1891 ya kawo wata da za a iya yi wa yaro bayani. Shi da haruffa biyu ya yi, ni zan yi da duwatsun ado. Ka ɗauka akwai igiyoyi, kowace an zura mata duwatsu baƙi da fari, tana da farko amma ba ta da ƙarshe. Wani ya zo ya ce ya jera duk irin igiyar da za a iya zurawa, ta 1, ta 2, ta 3, babu wadda ya bari. Sai ka ɗauki zare ka fara taka. Ka duba dutsen farko na igiya ta 1, in baƙi ne ka sa fari, in fari ne ka sa baƙi. Ka duba dutse na biyu na igiya ta 2, ka sa kishiyarsa. Na uku na igiya ta 3, haka. Yanzu a nemo taka a cikin jerin. Ba ta 1 ba ce, sun saɓa a dutsen farko. Ba ta 50 ba ce, sun saɓa a dutse na 50. Ba kowace ba ce. In mai jerin ya ce to bari ya ƙara ta, ka sake yi masa irin wannan da sabon jerin. Igiyoyin sun fi lambobi yawa, kuma ba don mai jerin ya yi sakaci ba.

Shi kansa abin ya riƙa ba shi mamaki. A 1877 ya gano cewa ɗigogin da ke kan ɗan gajeren layi daidai suke da na cikin fili mai kusurwa huɗu gaba ɗaya, ya rubuta wa Dedekind cewa ga shi yana gani amma ya kasa gaskatawa. Dedekind kuwa a 1888 ya juya maganar gaba ɗaya. Abin nan da ya tsayar da Galileo, cewa sashe yana daidai da duka, shi ya ɗauka ya ce wannan ita ce ma'anar mara iyaka. Cutar ta zama sunan mai ita.

Cantor ya biya farashi. Leopold Kronecker, tsohon malaminsa kuma mai faɗa a ji a Berlin, yana ganin duk abin da ba a iya ginawa daga lambobi cikin matakai masu iyaka ba lissafi ba ne. Takardar Cantor ta 1877 ta yi jinkirin fitowa a babbar mujallar Berlin, ya zargi Kronecker, bai sake aika musu komai ba. Kujerar Berlin da ya yi ta buri bai samu ba, a Halle ya ƙare aikinsa. A 1885 editan wata mujalla a Suwidin, wanda abokinsa ne, ya ba shi shawara ya janye wata takarda don ta riga zamaninta da kusan shekara ɗari. Tun 1884 ya fara fama da taɓin hankali mai zuwa yana tafiya. An daɗe ana ba da labarin kamar Kronecker ne ya haukata shi, kuma na san wannan ya fi daɗin rubutawa, ga azzalumi ga wanda aka zalunta. Masu binciken rayuwarsa na baya-bayan nan sun fi karkata ga cewa ciwo ne da zai same shi ko da babu Kronecker. A tsakanin kwanciya asibiti ya shugabanci ƙungiyar masana lissafi ta Jamus, shi ne shugabanta na farko, ya kuma ɓata shekaru yana buga ƙasidu don tabbatar da cewa Francis Bacon ne ya rubuta wasannin Shakespeare. Ya mutu a asibitin Halle ranar 6 ga Janairu 1918, ana tsakiyar yunwar yaƙin duniya na farko.

A wannan shekarar dai, a Landan, an ɗaure Bertrand Russell a kurkukun Brixton saboda wani rubutu da ya yi na adawa da yaƙin. A ɗakin kurkuku ya rubuta littafin gabatarwa ga falsafar lissafi, wanda ya fito a 1919, kuma a ciki ya dawo da maganar kan kayan sawa. Wani attajiri ne, duk lokacin da ya sayi takalmi ƙafa biyu sai ya sayi safa ƙafa biyu, har ya tara mara iyaka na kowanne, saye na 1, na 2, na 3. Tambaya: za a iya jera takalman ɗaya bayan ɗaya, kowane ya sami lambarsa? Za a iya. Umarni guda ya isa: a kowane saye, na hagu ya riga na dama. Safa fa? Safa ba ta da hagu da dama. A kowane saye sai an sa hannu an ce wannan ce ta farko, ba tare da wani dalili ba. In saye goma ne ko miliyan, a zaɓa ɗaya bayan ɗaya a gama. In ba shi da iyaka, babu ranar gamawa, kuma babu umarni guda da zai ɗauke aikin.

Ba wasa Russell yake yi ba. A 1904 Ernst Zermelo, yana ƙoƙarin cike wani giɓi a aikin Cantor, ya fito da ƙa'idar cewa irin wannan zaɓi yana nan ko da babu wanda zai iya faɗin yadda aka yi shi. Manyan masana lissafi na Faransa suka rabu a kai, Borel da Baire da Lebesgue suka ƙi, Hadamard ya goyi baya. A 1938 Kurt Gödel ya nuna cewa sauran ƙa'idojin lissafi ba za su iya ƙaryata ta ba. A 1963 Paul Cohen a Amurka ya nuna cewa ba za su iya tabbatar da ita ba. Yawancin masana a yau sun karɓe ta suna aiki da ita, da yawansu kuma sukan sa alama a wurin da hujjarsu ta jingina da ita. Wanda ya karɓe ta, safar attajirin daidai take da takalmansa. Wanda bai karɓa ba, akwai tsarin lissafi ingantacce da a cikinsa safar nan, duk da tana zaune biyu-biyu cikin jeri mai lamba, ba za ta taɓa shiga sahu ɗaya bayan ɗaya ba.